Sunan da Manhaja Ta Ƙi

"Sati uku, Hajiya! Ko sau ɗaya ba ki shiga manhajar nan ba!"

Na buga takardar gargaɗi a teburinta, a gaban kowa. Ni aka ɗora wa koya wa ma'aikatan rajista sabuwar manhaja, kuma na gaji da masu rungumar tsohon fayil. Gargaɗinta na uku ke nan, daga shi sai kora.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malamin kwamfuta, ka gama?"

"Ban gama ba! Irinku ne ke mayar da mu baya. In da matsala, bakinki ciwo yake?"

Ta juyo min da kwamfutarta. "Rubuta sunana."

Na rubuta, manhaja ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ashe sunanta da Ƙ yake farawa, manhajar kuwa ba ta san harafi mai ƙugiya ba.

Ta jawo durowa, ta jera takardun koke biyar da ta aiko min. Kowace da jan birona a kai: "Ba na karanta takarda. A turo ta manhaja."

"Karanta da ƙarfi, ɗana," ta ce. "Na baya ba sa ji."