Mai Zare Ƙayar Kifi

Ƙarnin kifi ne ya fara ɓata wa Cima rai, tun kafin a kawo abinci. Wai wannan ne hutun da Alhaji Bakari ya kwaso ta tun daga Gazawa dominsa: rumfar kwano a bakin teku a Kwatano, gefen tashar masunta, inda ƙuda ya fi masu ci yawa.

Shekarar tamanin da huɗu ce, wadda damina ta ƙi. A gida hatsi ya ƙone a gona, makiyaya na yawo da sanduna babu shanu. Cima ba ta rasa tuwo ba ko sau ɗaya, kuma ba ta gajiya da tuna wa mutane haka. Mijinta mai kamiyo ne, manyan motoci masu dakon hatsi. Takan ce ita ta mai da shi mutum, don a farin farko, na saba'in da uku, da sanda kawai ya sauka garinsu. Ba ya zancen inda ya fito, ita ma ba ta taɓa damuwa ta tambaya ba.

Ga otel masu fanka birjik a gari, amma kullum azahar sai wannan rumfa ta Ɗanlami, wani Bagobiri ɗan Gidan Sori. Kullum kuma mai kawo musu abinci ɗaya ce, wata tsohuwar Bafillatana mai suna Yelwa, ƙanjamammiya, irin waɗanda yunwa ta koro kudu. A rumfar take ci, a bayanta take kwana.

A ganin Cima, tsohuwar ba ta da mutunci ko kaɗan. Kowa ya shigo sai ta gaishe shi da sunansa, masunta da direbobi har da 'yan dako, da Hausarta mai gargada. Amma in ta zo teburinsu sai ta kau da kai wajen teku, ta dire faranti kamar an tilasta ta. In Alhaji ya gaishe ta, ginshiƙin rumfa take amsa wa. Abin da ya fi ƙona ran Cima, kifin Alhaji kaɗai ake kawowa an zare masa ƙaya tas, da waɗannan yatsun masu kaushi. Nata kuwa ko oho.

Shi kuma gogan naka, mai daka wa direbobi tsawa, sai ya sunkuyar da kai ya tattare ƙafafu. Ba ya kai loma sai tsohuwar ta koma madafa. Cima ta sa wa ranta ƙyamar hannun yake yi, kawaici ne ya hana shi magana. To, ita ba ta da irin wannan kawaicin.

Ranar da za su koma gida, Alhaji ya ce zai leƙa tashar mota, ta jira shi a rumfa. Fitarsa ke da wuya ta tafa hannu ta kira Ɗanlami.

Ta ce, "Ko ka kori matar nan yau, ko direbobin Alhaji su bar cin abinci nan. Na gaji da wulaƙancin 'yar gudun yunwa."

Ɗanlami ya san direbobin Maraɗi, da na Alhaji a cikinsu, su ne ƙarfin cinikinsa. Ya kira Yelwa, ya nemi a yi sulhu: ta ba da haƙuri, a wuce wurin.

Cima ta ce, "Ba haƙuri kawai ba. In ya dawo ta durƙusa, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, 'Alhaji Bakari, ka yafe mini.' Yadda take kiran sunan 'yan dako haka za ta kira nasa. Bari ma ta gwada yanzu in ji."

Tsohuwa ta durƙusa babu musu. Ta ba Cima haƙuri, har ta ce mata "ɗiyata", abin da ya ƙara tunzura ta. Amma da aka zo kan sunan, sai ta cije. Ɗanlami ya lallashe ta, ya tuna mata ba ta da kowa a garin nan, ba ta da wurin kwana in ba nan ba. Ta dubi ƙasa ta ce, "Wannan kam ba ni iyawa."

Ta miƙe ta ɗauko ƙunshin tsummanta da wata tsohuwar ƙwarya, ta bi ta tsakanin kwalekwalen masunta, har cunkoson masu kwandunan kifi ya haɗiye ta. Cima ta ji daɗi har cikin ranta. Ta jawo faranti ta hau cin kifinta, ranar ce ma ta fara jin yana da ɗanɗano.

Alhaji ya dawo da fara'ar da ba ta taɓa gani ba a fuskarsa. Turmin atamfa a hammata, a hannu kuma takalman mata ƙanana, waɗanda ba za su shiga ƙafar Cima ba. Ya ce ya kama musu wuri uku a mota. Yana magana idonsa na kan madafa.

Cima ta ba shi labari tana tauna, ba ta rage komai ba, har da kwaikwayon Hausar tsohuwar. Ta ƙare da tsaki. "Ka ga taurin kan talaka? Ta gwammace kwanan titi da ta faɗi sunanka sau ɗaya."

Atamfar ta zame ta faɗi cikin yashi. Ya juya ya dubi tashar masunta, mutane maƙil, kowa da kwando a ka, babu ko alamar ƙwaryar. Sannan ya dubi matarsa, ya yi magana a hankali.

"Tun farin farko nake nemanta, Cima. Ke da kika tashi a Gazawa, wace uwa kika taɓa ji ta kira sunan ɗanta na fari?"