Kazar Lauya Ernest

Veronica ta tare Lauya Ernest a ƙofar kotun Dutsin-Ma, rungume da kaza.

Ɗazun nan ya gama wanke cocinsu na Kurfi da Malam Alfred, mai koya wa yara waƙa. Ya yi ta juya 'yarta Priscilla da tambayoyi har yarinyar ta fashe da kuka, sannan ya ce wa alƙali yara haka suke, ƙarya ba ta yi masu wuya. Aka sallami ƙarar.

"Ranka ya daɗe, ga tukuici," in ji Veronica. "Ka iya aiki."

Ya gyara kwat yana murmushi. "Mama, ki yi haƙuri. Wanda ya ɗauke ni shi nake karewa. Haka aikin yake."

"Ai na gani. Dattawan coci ma sun ji daɗi. Sun ce tunda kotu ta wanke shi, za su ɗauke shi daga Kurfi don surutu ya mutu. Jibi zai fara koyar da waƙa a makarantar kwana ta 'yan matan mishan."

Murmushin ya ɗauke.

"Ba can 'yarka take ba? An ce muryarta zaƙi gare ta."

Ta danƙa masa kazar a ƙirji.

"In ta zo maka da kuka, kada ka tada hankalinka, Lauya. Yara haka suke."