Yatsun Sha'aban

Ƙar, ƙar, ƙar. Bayan isha'i na fara jin ƙarar ta bangon ɗakina a unguwar Ulaisha, kamar ɓera yana gwaguyar ƙashi. Ni tsoho ne mai son ganin ƙwaƙwaf, sai na leƙa.

Maƙwabcina Sha'aban ne, mai tura gadon marasa lafiya a asibiti. Yana gurza yatsunsa da dutsen kaushi, jini yana ɗiga a tabarma.

"Baba, gobe zan sabunta iƙama, takardar izinin zamana a ƙasar nan," in ji shi. "Bana sun ce sai an ɗauki zanen yatsa. Kaushi nake cirewa."

Na tausaya masa. Tunda muka binne ƙanensa Lado shekara shida da suka wuce, bai sake dariya ba. Kamarsu ɗaya sak, sai dai Lado ba shi da takarda, har 'yan sanda sun taɓa kama shi suka ɗauki yatsunsa.

Da safe na raka shi ofishin iƙama. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta kasa karanta yatsu tara. A kan ƙaramin yatsan hagu ta yi ƙara. Ma'aikacin ya dubi allo, ya dube shi.

"Lado?"

Ni kaɗai na dawo gida. Na tarar da matarsa Lailatu tana yi wa 'yarta 'yar shekara huɗu kitso. Na faɗa mata an tsare shi, na'ura ta ce Lado ne. Hannunta bai tsaya ba.

Maƙwabciyarmu Hansai ta ajiye bokitinta a hankali.

"Lailatu, shekara shida... ke ba ki gane ba?"