Ƙwan Siliki a Gindin Randa

Tun da auduga ta daina fitowa a ƙasar nan, kowane gida da tsutsar siliki yake samun sutura. Inna Yalwa kuwa ba a taɓa jin ƙwan tsutsarta ya lalace ba. A gindin randa take ajiye shi saboda sanyi, sai bishiya ta yi sabon ganyen da tsutsar ke ci, sannan ta ɗaure ƙwan a jikinta, ɗumin jiki ya ƙyanƙyashe shi.

Da hantsi maƙwabciyarta Lantana ta shigo ido jawur.

"Inna, nawa sun ƙyanƙyashe tun ganye bai fito ba, duk sun mutu. Me yarana za su sa bana?"

"A leda kika ƙunshe, ko? Zafi ne ya tashe su. Ƙyallen auduga ƙwai yake so, 'yar nan."

"Ina zan ga auduga yanzu?"

Inna ta buɗe akwati ta zaro farin yadin audugar da ta tanada don likkafaninta. Gefensa duk a yayyanke yake. Ta ƙara yanko faɗin tafin hannu, ta ɗibar mata ƙwai a ciki.

"Inna, ke fa?"

"Ni gajeriya ce. Zai isa."