Hoton Hure Ba Kala

"Kin ga hoton Asama'u? Mai kala ne, har jan ɗankwalinta ya fito."

"Ita kuwa wadda Uwaisu zai aura, baƙi da fari ya yi mata, kamar na katin asibiti."

Hure ta ji matan sarai a bakin rijiya. Ta ajiye guga, ta nufi rumfar Uwaisu mai hoto a kasuwar Tsanyawa. A shekarar nan da gero ya yi wuya, fim mai kala ya fi shi wuya. Ɗaya tak Uwaisu ya samo, kuma ba a kanta ya ƙare ba.

Ta ɗora hotonta a kan benci. "Malam Uwaisu, ga kayanka. Ka ce wa iyayenka su kai goron gidan su mai jan ɗankwali."

Ya dubi hoton, ya dube ta.

"Mai kala ba ni nake wankewa ba, Hure, Kano ake kaiwa. Samarin shagon can, kowace fuska sai sun ɗaga ta a fitila suna gardama a kanta. Baƙi da fari kuwa a ɗakina nake wankewa, ni kaɗai, ƙofa a rufe."

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Can sai ta ɗago.

"Wato ita ma Asama'un ka tsaya ka ƙare mata kallo ta gilashin kyamarar nan, har ka ce ta yi murmushi?"

"Ai sana'a ce..."

"To, ran kasuwa ka ajiye mini kujera a gefenka. Ni zan riƙa ce musu su yi murmushin."