Motocin da Ba Sa Kuka

Noti na talatin da bakwai ya faɗa cikin gwangwani. Mai Kunne ya gyara zama a kan benci, ya karkata kai wajen titi, ya ci gaba da saurare.

Shekara arba'in yana kanikanci a gindin gangaren da ke shiga kasuwa. Tun mota tana kan tudu zai gaya maka mai ita, ya gaya maka filogin da ke damunta. Da yanar ido ta rufe masa gani, kunnen nan ya zama shi ne jarinsa. Ba a yi masa gardama a kai, shi ma bai taɓa yi wa kansa ba.

Bara, lokacin da mai ya yi tsadar da ta hana direbobi fara'a, ya fara jin wani sabon abu. Mota za ta wuce, iska ta kaɗa masa riga, taya na shuu a kan kwalta, amma babu kukan inji. Rediyo kuwa kullum zancen motocin lantarki take yi. Ya haɗa wannan da wancan, ya samo gwangwani, duk motar da ta wuce shiru sai ya jefa noti ɗaya.

Wata uku yana jefa noti. Rana ba ta faɗuwa sai ya tara arba'in, ranar kasuwa har sittin. Duk ƙasa suke yi, bai taɓa jin dawowar ko ɗaya ba. Ya ce wa kansa ai dole: garin nan kaf babu wurin caji, wa zai ƙarar da batirinsa a hawan tudu? Ta bayan gari suke komawa.

Bai gaya wa kowa ba, domin ya san mutanen layinsu. Yau ka fara sayar da iska, gobe su goma sun kafa rumfa. Da mai facin da ke gefensa ya ce, "Baba, wai ƙidayar me kake yi?" sai ya ce, "Zunubaina."

Matarsa ce kaɗai ta ji zancen, ita ma sai da ya gama yanke shawarar buɗe wurin cajin mota.

"Malam, ni fa ban taɓa ganin irin motar nan ba."

"Yaushe kika fita titi, balle ki gani?"

Ya sayar da garejin da duk ƙarafan da ke ciki, ya bar ɗan filin gaba. Bai isa ba. Sai ya waiwayi kuɗin da 'yarsa, mai aikin jinya a wani gari, ta yi shekara biyu tana tarawa don a yi masa aikin ido. Ta kira shi tana kuka. Ya ce ta kwantar da hankalinta, nan da wata shida zai biya aikin da kansa, har ya mayar mata da nata. Dillalin kamfanin da ke sayar da na'urorin caji bai yi masa tambaya ko ɗaya ba. Ya dai riƙe hannunsa da hannu biyu, ya yaba masa basira.

Aka kafa na'urori biyu, aka yi rumfa aka shimfiɗa sola a rufinta, aka rataya allo. Mai Kunne ya sa sabuwar riga ya zauna.

Mako biyar. Motocin na wucewa shiru kamar kullum, ko waiwaye babu. Ya rage farashi. Ya sa aka rubuta allon da ya fi na farko girma. 'Yarsa ta daina kira, matarsa ta koma ajiye masa abinci ba tare da magana ba, kuma wannan shirun ya fi kowane shiru ci masa rai. Ɗan hasken da ya rage a idonsa na dama yana ta ja da baya. Duk da haka kowace safiya yakan shafa na'urorin da tsumma, ya ɗauko gwangwaninsa.

Ranar wata Talata da hantsi, ya ji wani shuu ya rage gudu, ya karkato, ya tsaya daidai gabansa. Ya miƙe har gwangwanin ya kife, notina suka watse. Ya laluba ya zaro wayar caji. Wani ƙauri da ya saba da shi ya bugi hancinsa, bai kula ba.

"Sannu da zuwa, ɗana. Nuna mini inda ake jona ta."

"Jona me, Baba? Ni ɗan tasi ne. An ce kai ne mai gyara a nan. Birkina ne ya kusa kashe ni."

Mai Kunne ya tsaya da wayar a hannu. "Amma ban ji injinka ba."

Direban ya yi 'yar dariya. "To wa zai ji, Baba? Ai tun da mai ya yi tsada, duk wanda ya iso kan tudun can kashe mota yake yi, mu gangaro a banza har kasuwa."