Gyaɗar Tabawa a Tsakiyar Dawa

Ga wani misali ga mai ganin cewa ciwon zuciya abu ne da ake kakkaɓewa rana ɗaya kamar ƙura a jikin riga.

An yi wata mata a wani ƙauye, sunanta Tabawa, tana noma 'yar gonar da mahaifiyarsu ta bari, wadda yayanta Sallau ya sakar mata. Gonar a tsakiya take, ko'ina ka juya dawar maƙwabta ce. Wata shekara da kaka, tana dawowa daga gonar nan, wani mutum ya ja ta cikin dawa ya yi mata fyaɗe. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta haɗiye maganar, amma jikinta ya ƙi mantawa. Damina na faɗuwa sai ta shuka gyaɗarta kamar kowa, ta yi noman fari, ta yi maimai, don a lokacin ido yana kaiwa nesa, tana hango mai zuwa tun daga bakin rafi. Da zarar dawa ta wuce kafaɗa kuwa, shi ke nan, ƙafa ta ƙi. Ganye ya motsa, gabanta ya faɗi, ta juya gida. Ita kuma gyaɗa ba ta isa cira sai dawa ta rufe mutum. Shekara uku ke nan amfaninta yana lalacewa a ƙasa, gara ta ci, ragowar ta ruɓe. Wasu suka ce ragwanci ne, wasu suka ce iska ce ta shafe ta. Da Sallau ya gaji, sai ya ce in bana ma ta bar gyaɗa ta salwanta, zai ba wani aron gonar.

Faɗuwar gaban ce ta kai ta asibitin garinsu neman ƙwaya. Aka auna ta ba a ga komai ba, sai aka nuna mata wani ƙaramin ɗaki, inda wata Malama Habi take zama ranar kasuwa. Ita ba ta allura, ba ta rubuta magani, aikinta sauraron mutane da ba su shawara. Ranar farko Tabawa ta zauna a bakin kujera tana kallon ƙofa. Malamar ta bar ƙofar a buɗe, ta ce duk abin da aka faɗa a ɗakin nan, a nan yake kwana. Kasuwa ta biyu suka yi hirar ruwan bana da tsadar taki. Sai a ta uku maganar ta fito, guntu-guntu, tana jiran a tambaye ta me ya kai ta gona ita kaɗai. Ba a tambaye ta ba. Malamar ta ce, “Tabawa, laifin nasa ne, ba naki ba. Gonarki kika je.”

To, amma magana ba ta tsayar da damina. Ruwa ya fara ja da baya, ganyen gyaɗa ya soma ɗigo-ɗigo, kuma ta san in ƙasa ta bushe ko fartanya ba za ta ciro komai ba sai saiwa. Kullum da safe sai ta murza ƙasar tsakar gida da yatsu ta ji ko da sauran laima. Ganin ta faɗi abin da ke cinta, sai ta ɗauka ta warke. Wata safiya ta ɗaure zane, ta runtse ido, ta kutsa cikin dawa da gudu. Ba ta kai rabin hanya ba iska ta kaɗa kara, ta zube ƙasa, da rarrafe ta fito. Ta koma wurin malamar tana cewa ita kam ba mai warkewa ba ce, a bar Yaya ya ba da gonar.

Malamar ba ta yi mata faɗa ba. Ta koya mata yadda za ta ja numfashi a hankali in gaban ya faɗi, ta taka ƙasa sosai, ta ambaci abin da idonta ke gani a yanzu, ba abin da ya wuce ba. Ta ce gobe ta tsaya a bakin dawa kawai, ta juyo. Jibi taku goma. Ta kuma tambaye ta ko akwai wadda ta yarda da ita, Tabawa ta ce gwaggonta. Tsohuwar ba ta nemi dogon bayani ba, ta ɗauki sandarta ta bi ta, tana tafe tana mitar ciwon ƙugu da ƙarfi yadda Tabawa za ta riƙa jin muryarta a baya. Wata rana a yi taku talatin, wata rana a koma goma. Kwana goma sha ɗaya suka yi kafin Tabawa ta tsaya a cikin gonarta, da fartanya a hannu. Ta fara cira daga gefen da ya fi kusa da hanya.

Ba duka ta samu ba. Kafin ta kai ƙarshen gonar ƙasa ta ƙeƙashe, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Da Sallau ya zo ya ga tarin harawa da gyaɗa a shanye, ya yi mata sannu da aiki, bai sake ta da zancen aro ba. Har yau in kara ya motsa gabanta yakan faɗi, kuma ranar kasuwa ba ta fasa zuwa ɗakin nan ba. Amma gonar tana hannunta, ta kuma ware irin baɗi. Shi ya sa Hausawa suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.